Abin Da Tafinta Ba Ya Iya Juyawa Tsakanin Sinawa Da Amurkawa

Duk inda wakilan ƙasashe biyu za su zauna shawara, abu na farko da ake tanada shi ne tafinta, domin ya juya maganar wannan zuwa harshen wancan. Amma akwai wata magana wadda komai gwanintar tafinta ba ya iya juya ta, watau wadda mutum ke yi da idonsa da hannunsa, da yanayin zamansa, da murmushinsa, har da shirunsa. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Gaskiya ne, sai dai fuskar Basine da ta Ba'amurke ba harshe ɗaya suke yi ba, kuma duk wanda ya karanta ta wannan da ƙa'idar wancan, lalle zai tashi da labarin da ba shi ne ba, yana tsammani gaskiya ya kwaso.

Batun ba ƙarami ba ne, domin Sin da Amurka su ne ƙasashe biyu mafi ƙarfin tattalin arziki a duniya. Mutanen Sin sun haura miliyan 1,400, na Amurka kuma sun haura miliyan 330, kuma kullum rana ta Allah dubbansu suna haɗuwa a ofisoshin jakadanci da masana'antu da azuzuwan jami'a. Yawancin ɓacin ran da ke aukuwa a irin wannan haɗuwa daga abu guda yake tasowa: mutum ya ga motsin da bai saba da shi ba, sai ya yanke hukunci a kan halin mai motsin. Ba'amurke ya ce Basine munafuki ne mai ɓoye-ɓoye, Basine ya ce Ba'amurke marar kunya ne mai girman kai, alhali kowannensu ladabin gidansu yake yi. Abin da ya kamata shi ne a ɗauki maganar jiki a matsayin harshe mai ƙa'ida, wanda ake zama a koya kamar yadda ake koyon nahawu.

Saƙon Da Bai Isa Ba

Tarihi ya ajiye misali mai kyau. A ranar 1 ga Oktoba 1970, ranar bikin kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin, Shugaba Mao Zedong ya tsaya a kan benen ƙofar Tiananmen a birnin Bejin yana kallon fareti, ga wani Ba'amurke tsaye a gefensa, watau ɗan jarida Edgar Snow, wanda ya san Mao tun 1936. A wancan lokaci ƙasashen biyu sun fi shekara 20 ba sa ga maciji da juna, har sun gwabza yaƙi a Koriya daga 1950 zuwa 1953. A ranar 25 ga Disamba na 1970 babbar jaridar Jam'iyyar Kwaminis ta buga hoton mutanen biyu a shafinta na farko.

A wurin Basine wannan hoto ya fi doguwar wasiƙa bayani. A ƙasar Sin wurin da aka tsayar da mutum kusa da shugaba, da wanda ya riga wani shiga ɗaki, da wanda hotonsa ya fito a gaba, duka saƙonni ne da kowane ma'aikaci ya iya karantawa. Mao hannunka mai sanda ya yi wa Amurka cewa ƙofa a buɗe take. Amma a birnin Washinton ba a kula ba, domin can an saba cewa mai magana ya faɗe ta da baki ko ya rubuta ta a takarda. Henry Kissinger, mai ba Shugaba Nixon shawara kan tsaro, daga baya ya yarda a cikin littafinsa cewa ishara ce da ta fi ƙarfin fahimtarsu. Sai da aka bi ta hannun Pakistan da saƙonni a rubuce, aka kuma gayyaci 'yan wasan ƙwallon tebur na Amurka zuwa Sin a watan Afrilu 1971, sa'an nan Kissinger ya yi tafiyarsa ta sirri zuwa Bejin a watan Yuli na shekarar.

Shi kuwa Nixon ya koyi darasi. Tun taron birnin Jeniba na 1954 labari ya bazu cewa Sakataren Harkokin Wajen Amurka, John Foster Dulles, ya ƙi miƙa wa Firayim Minista Zhou Enlai hannu, kuma Nixon ya san an daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin cin fuska. Saboda haka da jirginsa ya sauka a Bejin ranar 21 ga Fabrairu 1972, sai aka tsare sauran 'yan rakiya a ciki, ya sauko shi da matarsa kaɗai, ya miƙa hannu tun bai ƙarasa isa wurin Zhou ba. Musafahar da aka hana shekara 18 da suka wuce, ita aka biya a wannan rana, kuma ba a buƙaci tafinta ba. Duk da haka Amurkawa masu kallo a talabijin sun ga babu taron jama'a masu tafi a bakin hanya, suka ce an yi wa shugabansu tarba mai sanyi, ba su lura ba cewa Mao, duk da rashin lafiyarsa, ya aika a kawo masa baƙon a cikin 'yan sa'o'i da saukarsa. A ma'aunin Sinawa wannan shi ne ƙarshen karramawa.

Ba a ƙarni na 20 aka fara irin wannan ba. A 1859 jakadan Amurka John Ward ya isa Bejin domin musayar takardun yarjejeniyar Tianjin, fadawa suka ce ba zai ga Sarkin Sin ba sai ya durƙusa a gabansa bisa al'adar fada. Ya ƙi, domin a ganinsa wakilin jamhuriya ba ya durƙusa wa sarki. Ya bar birnin bai ga Sarki ba, aka yi musayar takardun a garin Beitang. Gwiwar mutum ɗaya ta hana ganawar ƙasashe biyu.

Tushen Bambancin

Masanin al'adu Edward T. Hall, wanda ya koyar da ma'aikatan jakadancin Amurka a farkon shekarun 1950, ya wallafa littafi a 1959 a kan wannan harshe marar sauti, sa'an nan a wani littafin na 1976 ya kasa al'ummomi gida biyu. Akwai waɗanda ke zuba dukan ma'ana a cikin kalmomi, akwai kuma waɗanda ke barin mafi yawanta a cikin yanayi da dangantaka da abin da kowa ya riga ya sani. Ya sa Amurka a ɓangaren farko, Sin a na biyu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Amurka ƙasa ce ta baƙi, waɗanda suka taru daga Ingila da Jamus da Italiya da Ayalan da sauran wurare, ga zuriyar bayin da aka kwaso daga Afirka, kowa da al'adarsa. Mutanen da ba su haɗa kaka ba tilas su faɗi abin da suke nufi filla-filla, su rubuta shi, su sa hannu, su kuma nuna wa baƙo da fuska cewa ba da sharri suka zo ba. Sinawa kuwa sun yi dubban shekaru suna zaune a ƙauyukan kakanninsu, inda kowa ya san asalin kowa, kuma koyarwar Konfushiyas, wanda ya rayu kimanin shekara 2,500 da suka wuce, ta shimfiɗa yadda ɗa zai tsaya gaban uba, ƙane gaban wa, talaka gaban mai mulki. A irin wannan zama ishara ta isa, kuma wanda ya fito da komai fili an ɗauke shi bai san ya kamata ba.

A nan ne batun fuska ya shigo. A 1944 wata masaniya Basiniya, Hu Hsien-chin, ta yi bayanin kalmomi biyu da Sinawa ke amfani da su, lian da mianzi, waɗanda dukansu ma'anarsu ta asali fuska ce. Ta farko tana nufin mutuncin da jama'a suka shaidi mutum da shi saboda halinsa, ta biyu kuma martabar da ya tara ta hanyar muƙami ko dukiya ko ilmi. Mafi yawan ladubban jikin Basine an gina su ne domin kada a zubar da fuskar kowa a bainar jama'a, tasa ko ta abokin zamansa.

Ido Da Murmushi Da Shiru

Tun yana ƙarami ake koya wa ɗan Ba'amurke ya dubi mai yi masa magana ido cikin ido, domin a can kawar da kai alama ce ta rashin gaskiya. Ɗan Basine kuwa, musamman a gidajen da suka riƙe al'ada, ana koya masa ya sassauta kallo gaban malami ko dattijo ko shugaban ma'aikata. Idan su biyun suka haɗu a ɗakin ganawar neman aiki, Ba'amurke zai rubuta cewa wannan saurayi ba shi da ƙwarin gwiwa, shi kuma saurayin zai fita yana mamakin yadda aka ƙura masa ido kamar ɓarawo.

Haka batun murmushi. Jeanne Tsai ta Jami'ar Stanford ta daɗe tana nazarin irin yanayin zuciyar da kowace al'umma ke so a gan ta da shi, ta nuna cewa Amurkawa sun fi daraja zumuɗi da annashuwa, Sinawa kuma natsuwa. A binciken da ta buga da abokan aikinta a 2016, an gwada hotunan shugabannin gwamnati da na kamfanoni da na jami'o'i, aka ga na Amurka sun fi washe baki har haƙora su bayyana. Ashe fuskar da Ba'amurke ke kira ɗaurarriya, a wurin mai ita fuskar dattaku ce. Har wa yau Basine yakan yi murmushi ko 'yar dariya idan ya ji kunya, ko ya yi kuskure, ko zai faɗi labari marar daɗi, domin ya sassauta nauyin abin a kan mai sauraro. Manajan Ba'amurke da ya tsawata wa ma'aikaci ya ga yana murmushi sai ya ƙara harzuƙa, ya ce raini ne, alhali mutumin ƙasa kawai yake jira ta tsage ya shige.

Ko wurin da ido ke sauka a fuska ya bambanta. A 2009 Rachael Jack ta Jami'ar Glasgow ta bi motsin idon masu kallon hotunan fuskoki, ta gano cewa Turawa suna raba kallonsu tsakanin ido da baki, mutanen Gabashin Asiya kuwa, waɗanda akasarinsu Sinawa ne a binciken, sun fi tsayawa a kan ido. Mai neman labari a baki da mai nemansa a ido ba za su dawo da amsa ɗaya ba.

Shiru shi ne ya fi kowane jawo asara. A wurin Ba'amurke, idan hira ta yanke na ɗan lokaci, wani abu ya lalace ke nan, sai ya yi maza ya cike gurbin da magana. A wurin Basine shiru ma magana ce: yana iya zama girmamawa ga abin da aka faɗa, ko tunani, ko jiran babba ya fara, ko kuma ƙi cikin ladabi. Ɗan kasuwar Amurka da ya faɗi farashi ya ji tsit, sau da yawa yakan fara ragewa tun ba a taya ba. Idan kuma ya ga ana gyaɗa kai, sai ya koma gida ya ce an shirya, bai san gyaɗa kan na nufin ana sauraro ba ne kurum.

Ɗalibai ma abin ya shafe su. A shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020 ɗaliban Sin da ke jami'o'in Amurka sun kai kimanin 372,000, a ta 2023 zuwa 2024 kuma kimanin 277,000. A yawancin waɗannan jami'o'i ana ba da wani kaso na maki a kan yawan sa baki a cikin aji. Ɗalibin da aka rena a kan cewa katse malami rashin tarbiyya ne, kuma yi masa tambayar da za ta iya kunyata shi laifi ne, zai zauna tsit ya rasa maki, malami kuma ya ɗauka bai yi karatu ba. Wannan zalunci ne da ba wanda ya yi niyyarsa, amma sakamakonsa yana nan a rubuce a takardar shaidar yaro.

Hannu Da Tazara Da Teburin Cin Abinci

Motsin hannu ma kowa da nasa. Basine yana ƙirga 1 zuwa 10 da hannu guda: babban yatsa da ƙaramin yatsa a miƙe 6 ke nan, babban yatsa da manuni a buɗe kuma 8, abin da Ba'amurke zai ɗauka 2 ne ko kuwa siffar bindiga. Idan Basine zai ce shi ne, hancinsa yakan nuna, Ba'amurke kuwa ƙirji. Basine yana yafuto mutum da tafin hannu a kife, Ba'amurke kuma da tafi a sama yana lanƙwasa yatsa, abin da Sinawa ke ganin bai dace a yi wa mai mutunci ba. Katin suna ko kyauta ko kofin shayi, da hannu biyu ake miƙa wa babba a Sin, da hannu biyu kuma ake karɓa, a tsaya a duba katin kafin a adana. Wanda ya karɓa da hannu ɗaya ya cusa a aljihun baya ya zauna a kai, ya yi ɓarna tun ba a fara magana ba.

Hall ya auna tazarar da Amurkawa ke bari tsakaninsu, ya ce hirar abokai daga ƙafa ɗaya da rabi ce zuwa ƙafa 4, ta harkar aiki kuma daga 4 zuwa 12. Amma Ba'amurken da ke jin haushi idan baƙo ya matse shi a layi, shi ne kuma mai saurin runguma da dafa kafaɗa. Basine yana jure cunkoso a jirgin ƙasa ba tare da damuwa ba, amma taɓa jikin babba abu ne mai nauyi a wurinsa. A ranar 20 ga Afrilu 2006, a farfajiyar fadar shugaban Amurka, Shugaba George W. Bush ya jawo hannun rigar Shugaba Hu Jintao domin ya nuna masa inda zai tsaya. Bush taimako ya yi nufi, amma hoton ya zaga duniya, ya kuma zo a ranar da mai sanarwa ya yi kuskuren kiran ƙasar Sin da sunan hukuma na Taiwan, aka kuma yi wa baƙon liyafar rana maimakon babbar liyafar dare ta ziyarar ƙasa. Ga mutanen da ke auna daraja da irin waɗannan abubuwa, ranar ba ta yi daɗi ba.

A wurin cin abinci kujerar da ke fuskantar ƙofa ta babba ce a Sin, kuma ƙarami yakan saukar da bakin kofinsa ƙasa da na babba idan ana haɗa kofuna. Ba a soke tsinken cin abinci tsaye a cikin shinkafa, domin ya yi kama da turaren da ake kunna wa mamaci. Kyauta kuwa sai an ƙi ta sau biyu ko uku kafin a karɓa, a ajiye ta gefe sai baƙo ya tafi, yayin da Ba'amurke ke yage takarda nan take ya yi ta yabo. Shi yana ganin an yi banza da kyautarsa, su kuma suna ganin ya nuna kwaɗayi.

Inda Ake Buƙatar Hattara

Wani zai ce duk wannan kuɗin goro ne, domin Sin tana da ƙabilu 56 da hukuma ta amince da su, kuma matashin birnin Shanghai da ya yi karatu a waje ba ɗaya yake da manomin lardin Gansu ba, kamar yadda mutumin New York ya bambanta da na ƙauyen Alabama. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma wanda ya haddace jerin ladubba ya tafi yana ɗora su a kan kowane Basine zai yi kuskuren da ya yi daidai da na jahili. Amma amfanin sanin bambancin shi ne ya hana gaggawar hukunci, ya sa mutum ya tambayi kansa ko abin da ya gani yana da wata ma'ana dabam a gidan mai shi.

Haka kuma ba kowace rigima ce rashin fahimta ba. Saɓanin ƙasashen biyu a kan Taiwan da harajin kaya da fasahar zamani saɓani ne na maslaha, wanda musafaha ba ta warware shi. Shugabanni kuma sukan san harshen juna sarai su yi amfani da shi da gangan. Da Deng Xiaoping ya ziyarci Amurka a farkon 1979, bayan ƙulla hulɗar jakadanci ranar 1 ga Janairu na shekarar, ya je kallon wasan makiyaya a garin Simonton na Jihar Teksas, ya ɗora malafar kaboyi a kansa yana ɗaga wa jama'a hannu. Ya san Amurkawa suna son baƙo mai sakin jiki, sai ya yi musu magana da harshensu, kamar yadda Nixon ya yi wa Sinawa da nasu shekara 7 kafin nan. Su biyun sun nuna cewa abin yana koyuwa ga wanda ya ɗauke shi da muhimmanci.

Wannan darasi bai tsaya ga Sinawa da Amurkawa kaɗai ba. Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a ranar 10 ga Fabrairu 1971, wani kamfanin Sin ne ya gina hanyar jirgin ƙasa ta Abuja zuwa Kaduna wadda aka buɗe a 2016, kuma ɗaliban ƙasar suna karatu a jami'o'in ƙasashen biyu. Ma'aikacin gwamnati yana iya zama da tawagar Sin da safe, ta Amurka da yamma, kuma sunkuyar da kan da ya jawo masa yabo a zaman farko shi ne zai sa a yi masa kallon marar gaskiya a na biyu. Ya wajaba ma'aikatun da ke tura wakilai waje, da hukumomin da ke ba ɗalibai tallafin karatu, su sa wannan fanni a cikin horon da suke bayarwa kafin tafiya, su kuma nemi waɗanda suka zauna a ƙasashen su koyar da shi. Jami'o'in da ke koyar da Sinanci da Ingilishi su ma su ware masa lokaci a cikin manhaja, domin ɗalibin da ya iya kalmomi bai san lokacin yin shiru ba, rabin harshen ya koya.